Ranar da Fedora ta Bar ext4 ta Koma Btrfs

A ranar 27 ga Oktoba 2020 aka saki Fedora 33, sabuwar fitowa ta Fedora, wadda nau'i ce ta babbar manhajar Linux. Wanda ya sauke ta, ya ɗora a kwamfuta, ya bar manhajar girkawa ta raba faifan da kanta, ya tashi da tsarin ajiyar fayil da ba shi ne aka saba ba. Tun daga Fedora 11 a shekarar 2009 ext4 ke riƙe da wannan matsayi. Daga Fedora 33, Btrfs ya karɓe shi a duk nau'o'in da aka tsara domin kwamfutar tebur da ta hannu, wato Workstation da 'yan uwanta irin na KDE da Xfce. Nau'in Server bai motsa ba, ya ci gaba da XFS, wani tsarin ajiyar fayil dabam, a kan LVM, manhajar da ke kasa faifai kashi-kashi. Nau'in Cloud kuma sai a Fedora 35 ya bi sahu.

Zaɓin da ake yi wa mutum tun kafin a tambaye shi ya fi kowane zaɓi nauyi, domin yawancin masu ɗora babbar manhaja ba sa buɗe shafin raba faifai. Suna danna "ci gaba" ne kawai, kuma abin da aka shimfiɗa musu a wannan minti shi za su zauna a kai shekaru. Shi ya sa wannan sauyi ya cancanci a bi shi daki-daki.

Ciwon da ya kawo maganar

Kafin Fedora 33, Anaconda, manhajar da ke girka Fedora, tana yanka faifai kamar haka: ɗan ƙaramin yanki na EFI mai megabayit 600 da yankin /boot mai gigabayit ɗaya, dukansu na tayar da kwamfuta, sauran kuma a miƙa wa LVM ya kasa uku, ɗaya na musayar ma'adana (swap, inda ake juye abin da ya yi wa RAM yawa), ɗaya na tushe wato /, ɗaya na /home inda fayilolin mai kwamfuta ke zama. Tushe yana da iyakar da ba ya wucewa, gigabayit 70, abin da ya rage duka na /home ne.

A ɗauki kwamfutar hannu mai faifan gigabayit 256. Bayan wata shida, manhajojin Flatpak sun taru a /var/lib/flatpak, faifan kwamfutocin gwaji na libvirt sun zauna a /var/lib/libvirt/images, kwantenoni da tarin bayanan da tsarin ke rubutawa duk suna ƙarƙashin /var, kuma /var yana cikin tushe. Sai tushe ya cika fam, sabunta manhaja ya tsaya, alhali /home yana zaune da gigabayit ɗari babu kowa a ciki. Ga abinci a ɗaki, ga yunwa a tsakar gida.

Gyaran wannan a kan ext4 aiki ne mai haɗari. Ana iya ƙara wa ext4 girma yana kan aiki, amma ba a rage shi sai an sauke shi. Dole mutum ya tayar da kwamfutar daga filashi, ya duba /home da `e2fsck -f`, ya rage shi da `resize2fs`, ya rage kason LVM da `lvreduce`, sannan ya ƙara wa tushe da `lvextend -r`. In ya kuskure lissafi, ya rage kason LVM ƙasa da girman tsarin fayil ɗin da ke cikinsa, ya yanke wutsiyar bayanansa da hannunsa. Ba aiki ba ne da za a ɗora wa ɗalibi ko ma'aikacin ofis.

Wannan shi ne dalili na farko da masu shawarar sauyin suka kafa, cikinsu akwai Chris Murphy da Neal Gompa da Josef Bacik da Michel Alexandre Salim da Davide Cavalca. Kwamitin injiniyoyi na Fedora, FESCo, ya amince a watan Yulin 2020.

Ba a ranar aka fara maganar ba

Chris Mason ne ya fara rubuta Btrfs a kamfanin Oracle a 2007, aka shigar da shi cikin kanel, wato zuciyar Linux, a fitowa ta 2.6.29 a 2009. A 2011, lokacin Fedora 16, an yi yunƙurin mayar da shi tsarin farko, aka janye, babban dalili kuwa kayan gyaransa ba su nuna ba a lokacin. Kamfanin SUSE ya riga Fedora: a 2014 SUSE Linux Enterprise 12 da openSUSE 13.2 suka ɗora tushensu a kan Btrfs. Red Hat kuwa, wadda ke ɗaukar nauyin Fedora, ta bi wata hanya dabam. Ta mayar da XFS tsarin farko a RHEL 7, wato Linux ɗinta na kamfanoni, ta sanar a RHEL 7.4 cewa ta daina ci gaba da Btrfs, ta cire shi ɗungurungum a RHEL 8, ta kuma zuba ƙarfinta a aikin Stratis, nata tsarin sarrafa faifai.

A nan ne masu adawa suka fi kafa hujja, kuma hujjar tana da ƙarfi: idan matsala ta taso, wa zai gyara, tunda Red Hat ba ta ajiye injiniyoyin Btrfs ba? Amsar da aka bayar ita ce manyan masu kula da Btrfs suna aiki a Facebook da SUSE, Facebook na gudanar da shi a kan ɗimbin uwayen garkenta, kuma Josef Bacik, ɗaya daga cikin masu kula da shi a lokacin, yana cikin waɗanda suka sa hannu a shawarar. Sai dai injin cibiyar bayanai da tsohuwar kwamfutar hannu ba abu ɗaya ba ne. Can akwai wutar da ba ta ɗaukewa, da ma'adanar RAM mai gyara kuskurenta, kuma in inji ya lalace sai a share a sake ɗorawa. Nan kuwa hotunan bikin iyali ne da kundin digiri, kwafi ɗaya tak. Wannan bambancin shi ya sa Fedora ta shiga da taka-tsantsan.

Yadda faifan ya koma

A sabon tsari yankin EFI da /boot suna nan yadda suke, /boot ma har yanzu ext4 ne. An bar shi haka ne saboda GRUB, manhajar da ke tayar da tsarin, yana buƙatar rubuta ɗan ƙaramin fayil ɗinsa na grubenv yayin tashi, abin da ba ya yi a kan Btrfs a lokacin, sannan in mutum ya zaɓi kulle faifansa da LUKS, makullin sirri na Linux, dole /boot ya kasance a waje. Btrfs ba shi da kullewa ta kansa, a kan LUKS yake zama. Yankin musayar ma'adana ya ɓace daga faifai, domin a wannan fitowar aka koma zram, wanda ke matse bayanai a cikin RAM. Girmansa a Fedora 33 rabin RAM ne, ba ya wuce gigabayit 4. A Fedora 34 aka ɗaga shi zuwa girman RAM ɗin duka, ba ya wuce gigabayit 8.

Sauran faifan gaba ɗaya yanki ɗaya ne na Btrfs mai rassa biyu, `root` da `home`. Reshe, abin da umarni ke kira `subvolume`, ba shi da girman kansa. Kamar ɗakuna biyu ne masu ɗiba daga rumbu ɗaya. Wanda ya buɗe /etc/fstab zai ga layuka biyu masu lambar UUID iri ɗaya, ɗaya da `subvol=root`, ɗaya da `subvol=home`. Ciwon da aka fara da shi ya mutu a nan. Kuma amfanin raba /home bai tafi ba: mai son sake ɗora Fedora zai iya shiga rabon hannu a Anaconda, ya ɗaura tsohon reshen `home` ba tare da shafewa ba, ya ƙirƙiri sabon `root`.

Wanda ya sabunta daga Fedora 32 bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba, yana nan a kan ext4 ɗinsa. Akwai umarnin `btrfs-convert` da ke juya ext4 zuwa Btrfs a inda yake, yana ajiye hoton tsohon tsarin a reshe mai suna `ext2_saved`, amma hanyar da ta fi tsafta ita ce a kwashe bayanai a sake ɗorawa.

Abin da Btrfs ke yi dabam

Abu biyu ne suka bambanta shi da ext4, kuma kusan duk alherinsa da duk wahalarsa daga su suke fitowa.

Na farko, ba ya rubutu a kan tsohon bayani. In aka gyara fayil, sai ya rubuta sabon a wani fili, in ya gama ya juya rajistarsa, wato bayanin inda kowane fayil yake, ta nuna sabon wurin. A ƙa'ida duk daƙiƙa 30 yake rufe zagaye ɗaya na rubutu. In wuta ta ɗauke a tsakiya, abin da faifan zai nuna shi ne yanayin zagayen da ya gabata, cikakke. Ga duk wanda ke aiki a inda wutar lantarki ke zuwa ta tafi ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma akwai sharaɗi: dole faifan ya faɗi gaskiya. Btrfs yana umartar faifai ya tabbatar da wasu rubuce-rubuce kafin ya ɗora wasu a kansu. Faifan SSD mai araha da ke cewa "na rubuta" alhali abin yana cikin ma'adanarsa ta wucin gadi zai iya barin rajista tana nuna wurin da ba a rubuta komai ba. Alamar wannan a `dmesg`, umarnin da ke nuna saƙonnin kanel, ita ce saƙon `parent transid verify failed`, kuma yana cikin mafi munin abin da mai Btrfs zai gani.

Na biyu, kowane gutsuren bayani mai kilobayit 4 yana da hatiminsa, lambar tantancewa ta crc32c mai bayit huɗu, kuma ana duba ta duk lokacin da aka karanta. ext4 yana hatimce rajistarsa amma ba ya hatimce abin da ke cikin fayil. In ɗigo ɗaya ya juye a hoton mutum, ext4 zai miƙa masa lalataccen hoton shiru, manhajar ajiya ta kwafe lalataccen ta danne mai kyau, ba wanda zai sani sai bayan shekaru. Btrfs kuwa ƙin miƙawa yake yi. Manhaja za ta ga `Input/output error`, a `dmesg` kuma a ga `csum failed` tare da lambar reshe da lambar fayil. Umarnin `btrfs inspect-internal inode-resolve` yana mayar da lambar zuwa sunan fayil.

A nan mutane da yawa suka yi wa Btrfs mummunar fahimta. Sun shekara a kan ext4 lafiya, sun koma Btrfs sai ga kurakurai, har tsarin ya kulle kansa ya koma karatu kawai, sai suka ce shi ne ya ɓata musu faifai. Sau da yawa RAM ɗin ne ke juya ɗigo, ko faifan ne ya fara mutuwa, Btrfs ya zama ɗan aike ne kawai. Matakin farko a irin wannan hali shi ne a gwada RAM da Memtest86+ na sa'o'i, a duba `btrfs device stats /`, a duba lafiyar faifai da `smartctl`.

Ganowa kuma ba gyarawa ba ce. A faifai ɗaya kwafi ɗaya ne na bayanai, don haka Btrfs zai faɗi sunan fayil ɗin da ya lalace, amma ba shi da inda zai ɗauko mai kyau. Rajista ce kaɗai ake iya ninkawa, abin da ake kira DUP. A zamanin Fedora 33, `mkfs.btrfs` yana ninka rajista a faifai mai juyawa amma yana barin kwafi ɗaya a SSD. Sai a btrfs-progs 5.15 aka mayar da ninkin ya shafi kowane faifai. Duk wanda ya ɗora tsarinsa a SSD kafin nan ya duba `btrfs filesystem usage /`. In ya ga `Metadata,single`, umarnin `btrfs balance start -mconvert=dup /` zai ninka ta, a yi shi da caja a jiki, bayan an kwafe bayanai. Kuma ya kamata a riƙa gudanar da `btrfs scrub start /` kamar sau ɗaya a wata, domin shi ke karanta duk abin da ke faifan, har fayilolin da aka shekara ba a buɗe ba.

Inda fili ke ƙarewa alhali akwai fili

Wannan ita ce tsohuwar cutar Btrfs, kuma tana da bayani. Btrfs yana kasa faifai mataki biyu. Da farko yana ɗibar manyan kaso daga filin da ba a taɓa ba, yawanci gigabayit ɗaya domin bayanai, kaso dabam kuma domin rajista. Sannan ya riƙa zuba fayiloli a cikin kason. In faifai ya taɓa cika har aka rabar da duk filin, sannan aka goge fayiloli nan da can, kason bayanai za su zama rabi-rabi, amma ba ɗaya da ya zama fanko balle ya koma rumbu. Ranar da rajista ta nemi sabon kaso ta rasa, sai a ga `No space left on device`, alhali `df` yana nuna gigabayit talatin a sake.

Layin da za a duba a `btrfs filesystem usage /` shi ne `Device unallocated`. In ya sauka ƙasa da gigabayit ɗaya ko biyu, lokacin gyara ya yi. A fara da `btrfs balance start -dusage=10 /`, wanda ke tattara kason da cikarsu ba ta kai kashi 10 cikin ɗari ba ya haɗe su, ya mayar da fankon. In bai isa ba a ɗaga zuwa 25, sannan 50. Kada a gudanar da `balance` tsirara ba tare da tacewa ba, domin zai sake rubuta faifan gaba ɗaya, kuma kada a matse kason rajista, matse su ne ke jawo matsalar tun farko. In abin ya ƙi gaba ɗaya saboda babu ko filin motsi, ana ƙara wani faifai na ɗan lokaci da `btrfs device add`, a daidaita, a cire shi da `btrfs device remove`. Dole wannan faifan ya zama abin dogaro, domin in ya fita a tsakiyar aiki, ya tafi da wani ɓangaren tsarin.

Fayilolin da ba sa son wannan salon rubutu

Faifan kwamfutar gwaji da fayil ɗin rumbun bayanai manya ne, kuma ana yi musu ƙananan gyare-gyare dubbai a warwatse. Tunda kowane gyara sabon wuri yake tafiya, fayil ɗaya sai ya tarwatse gutsure dubbai, aiki ya yi nauyi, musamman a faifai mai juyawa. Maganin shi ne `chattr +C`, wanda ke sa a riƙa rubutu a wuri ɗaya. A kan folda fanko ake sa shi, sabbin fayilolin da aka ƙirƙira a ciki su gaje shi, ba ya aiki a kan fayil ɗin da ya riga ya cika. An yi wa /var/lib/libvirt/images wannan tanadi, haka ma systemd yake yi wa /var/log/journal. Farashinsa dai a sani: fayil mai `+C` ba shi da hatimi, ba a kuma matse shi. Wanda ya bi /home ɗinsa duka yana sa `+C` don neman sauri ya zubar da abin da ya zo nema.

Fayil ɗin musayar ma'adana ma haka. Tun kanel 5.0 Btrfs ke karɓarsa, da sharaɗin ya kasance `+C`, ba a matse ba, kuma ba a ɗaukar hoton reshen da yake ciki (snapshot, wato kwafin yanayin reshe a wani lokaci) yana kan aiki. Shi ya sa ake ware masa reshensa.

Abin da Fedora ta ƙi kunnawa

Mafi hikimar abin da aka yi a wannan sauyi, a ganinmu, shi ne yawan abubuwan da aka bari a kashe. Btrfs yana ɗaukar hoton reshe cikin ƙiftawar ido, kuma openSUSE ta gina dukan tsarinta a kan wannan: manhajar Snapper tana ɗaukar hoto kafin da bayan kowace sabuntawa, mutum ya iya tashi daga tsohon hoto a GRUB. Fedora 33 ba ta kunna hoton kai-tsaye ba. Ba ta kunna ƙididdigar kaso ta qgroups ba, wadda aka san tana rage gudu in hotuna sun yi yawa. Ba ta tura kowa ga RAID5 ko RAID6 na Btrfs ba, hanyoyin haɗa faifai da yawa, waɗanda takardun Btrfs da kansu suke gargaɗi a kansu. Ko matse bayanai sai da aka jira fitowa ɗaya. A Fedora 34, cikin Afrilun 2021, aka ƙara `compress=zstd:1` a fstab, mataki mafi sauƙi na zstd, domin a rage yawan rubutu a SSD a kuma sami fili ba tare da an wahalar da injin ba. Fayilolin da suka riga suka zauna ba sa matsuwa sai an sake rubuta su, kuma `compsize` ne ke nuna ainihin abin da aka samu, `du` ba ya gani.

Mai son hoto zai ɗauka da hannunsa: `btrfs subvolume snapshot -r /home /home/.jiya`. Abu uku ne ke kama mutane a nan. Hoto ba ya shiga cikin reshen da ke cikin wani reshe, wurinsa fanko zai fito. Goge fayil mai girma ba ya dawo da fili matuƙar wani hoto yana riƙe da shi. Sannan `btrfs filesystem defragment` yana raba fayil da hotunansa, abin da suke tarayya a kai ya zama kwafi biyu, fili ya ninka. Hoton kuma a faifai ɗaya yake da asalinsa, in faifan ya mutu tare za su tafi. Abin da ke mayar da shi ajiya ta gaske shi ne `btrfs send` da `btrfs receive` zuwa wani faifan Btrfs na waje. Bayan turawar farko, `-p` tare da sunan tsohon hoto yana sa a tura bambancin kawai, aikin da zai ci sa'a ya koma 'yan mintoci.

In tsarin ya ƙi hawa

Wanda ya saba da ext4 hannunsa zai tafi ga `fsck`, umarnin duba faifai da gyara shi. A Btrfs wannan sabo yana kashe bayanai. Takardar `btrfs check` da kanta ta yi gargaɗin kada a yi amfani da `--repair` sai da shawarar wanda ya san cikin tsarin. Jerin da ya dace shi ne a tashi daga filashi mai sabon kanel, a gwada `mount -o ro,rescue=usebackuproot`, wanda ke komawa ga ɗaya daga cikin tsofaffin tushen rajista da aka ajiye. In ya ƙi, a gwada `ro,rescue=all`, wanda ke samuwa a kanel na baya-bayan nan. Da zarar ya hau, a kwashe komai zuwa wani faifai kafin a taɓa wani abu. In bai hau ba sam, `btrfs restore` yana tsamo fayiloli daga faifan ba tare da ya rubuta masa komai ba, sai dai ba ya duba hatimi, don haka abin da ya fito sai an bi an tantance. Bayan duk wannan ne za a gudanar da `btrfs check` na karatu kawai, a kai sakamakonsa tare da na `dmesg` ga masu kula da Btrfs, su faɗi ko gyara zai yiwu ko kuwa a shafe a dawo da ajiya.